Na Ɗauka Kala Ce

Ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa mata, ina tashi ina zama, don tun da na fito daga gidan yari ban iya zama wuri ɗaya.

Ni mutuniyar Dakko ce. Mijina mahauci ne a kasuwar Talata Mafara. Da Allah ya karɓi abinsa, sai na kama sayar da ƙuli-ƙuli. Mata sun yarda da ni ƙwarai, ni ke riƙe musu adashi, ni ake kira wankan gawar mace. Shi ya sa da wani ɗan yankinmu ya fito takara, aka naɗa ni shugabar mata.

Mata suka yi masa karo-karo. Yaya Ige, aminiyata tun muna 'yan mata, akuyarta ɗaya tak, ta sayar ta kawo mini kuɗin ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Riƙe, ƙanwata. Ya ce zai gina mana rijiya, wuyana ya gaji da tulu." Aka sayi atamfa da shinkafa na rabo aka jibge a ɗakina, sauran kuɗin kuma suna cikin akwatina.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓen fid da gwani, sai muka ji ya janye. Wai manya sun sasanta. Ko sallama bai zo ya yi mana ba.

Sakataren kwamitin yaƙin neman zaɓensa ya same ni, ya ce ƙa'ida ita ce duk abin da ya rage a mayar wa waɗanda suka bayar, kowa gwargwadon nasa. Na ce to. Amma a raina wani abu nake saƙawa. Mu nan, in mai gona ya kwashe geronsa ya tafi, abin da ya zube kala ce, rabon mata irina ne marasa miji. Na ce ai mai gona ya tafi.

Kwano ɗaya na shinkafa na fara ɗiba. Sai turmi ɗaya na atamfa. Daga nan na riƙa hawa mota har Janbako, can wajen Maradun, ina sayarwa ranar kasuwa, a ganina ba wanda ya san ni. Ashe akwai 'yar Dakko da ke aure can, ita ta kawo labari gida.

Yaya Ige ta zo, ko tabarma ba ta hau ba. Ta ce, "Ana faɗin magana a kanki. Ce mini ƙarya ce, in tai in rufe musu baki." Na dube ta na ce wallahi ƙarya ce. Ta bi gida-gida tana faɗa da mutane saboda ni.

Da asiri ya tonu aka kai ni ƙara, a gaban alƙali a Bakura na kawo zancen kala. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, gonar ta ɗan takara ce, ko ta matan da suka shuka?" Ya yanke mini hukuncin ɗauri.

A gidan yari ba sauro ne ya dame ni ba, ba kuma ciwon gwiwa ba. Kullum ina shirya abin da zan gaya wa Yaya Ige. Ranar da aka sake ni ban biya gidana ba, gidanta na nufa. Ɗiyarta ta tare ni a zaure. Ta ce, "Inna, ai har mun yi sadakar arba'in. Kuma har ta cika cewa take yi sharri aka yi miki."

Na tuba, Allah ya gani. Ku yara masu bin 'yan takara, ku ji ni. In mutuminku ya janye, abin da ke hannunku yana da masu shi, ku mayar musu tun ranar, kada ya kwana a ɗakinku. Kuma kada ku rantse wa mai ƙaunarku a kan ƙarya. Na sayar da gadona na ƙarfe na ba ɗiyarta kuɗin akuya. Rantsuwar ce ban san wanda zan kai wa ba.