An Cire Min Nono Ɗaya, Kuma Ga Ni Nan

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu rabona da rubuta ko harafi a shafin nan. Na san abin da ake faɗa a unguwarmu ta Sabo. Wasu sun ce asiri aka yi min, wasu sun ce mijina, Baban Amira, ya sake ni na koma Kano, garin da sau biyu kacal na taɓa zuwa. Yau ku ji daga bakina.

Ciwon daji ne, na nono. An cire min na hagu.

Ban rubuta don a ce min "Allah sarki" ba.

Ina wanka na fara jin wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ya ciwo. Azumi ya matso, shagona cike da ɗinkin Sallah, na ce bari in gama tukun. Bayan Sallah sai ankon biki, bayan wannan biki sai wani. Wata biyar ina yi wa mutane ɗinki, abu yana girma a jikina.

Iya Tope, Bayarabiyar da ke sayar da zare kusa da shagona, ita ta lura ina yawan dafe hammata. Ta ce, "Hauwa, gobe zan rufe shago in raka ki asibiti. Ki ce a'a mu ɓata."

Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka ciri ɗan nama da allura aka kai gwaji. Mako uku ina jiran sakamako. Likitar, wata dattijuwa, ta ce, "Kansa ce. Ba ki makara gaba ɗaya ba, amma sai an cire."

Gida ya rabu biyu. Gwaggona ta ce, "Ba a sa wa daji ƙarfe, yaɗuwa yake yi." Wata kuma ta ce mace ba nono me za ta nuna wa miji. Baban Amira ya dawo daga kasuwar Shasha ke nan, rigarsa na warin albasa, ya tarar ana wannan magana. Ya ce, "Gwaggo, ni matata nake so a raye. Addu'a za mu yi, asibiti kuma za mu je."

Aka yi aiki. Sai kimo, ƙarin ruwan nan mai kashe cutar, zagaye shida. Gashina ya zube, farcena ya yi baƙi, harshena ya daina sanin gishiri. Keken surfanina da 'yan kunnen aurena duk sun tafi a magani.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. A zagaye na huɗu na kwanta na ce ba zan koma ba. Innata ta ɗauko mayafina ta jefa min.

"Tashi. Allah ya kawo miki magani har gabanki, ki ce kin gaji? Mai napep na jira a waje."

Na tashi.

Watan jiya likita ta duba hotuna ta ce ba ta ga komai ba. Zan ci gaba da shan ƙwaya da zuwa asibiti ana duba ni. Alhamdulillahi.

Masu ɗinkin da nake tsoron ɓata wa rai har na ƙi zuwa asibiti, mako guda bai cika ba suka samu wani tela. Ban ga laifinsu ba. Amma yanzu la'asar na yi nake rufe shago. Na koma Islamiyya. Da kaina nake yi wa Amira kitso. Wanda ɗinkinsa ba zai jira ba, Sabo cike take da teloli.

Inna, Baban Amira, Iya Tope, da nas ɗin da ke riƙe min hannu in jijiya ta ɓuya, Allah ya biya ku da abin da ya fi.

'Yan uwana mata, ku riƙa taɓa jikinku. Rashin ciwo ba lafiya ba ne. Kin ji ƙullutu, ki je asibiti a makon nan, ki tafi da wadda ba za ta bari ki juyo daga bakin ƙofa ba. Tawakkali bai hana neman magani.

Wadda kuma ta gan ni a kasuwar Bodija, ta daina satar kallon ƙirjina. Ta matso ta tambaye ni, in gaya mata ta ƙofar da ake shiga asibitin.