Tsinken da Ke Komawa Baya

Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, Baba ya kafa doka a gidanmu na Zuru: duk littafin da ba na makaranta ba, kada ya gan shi a hannuna. Tsohon soja ne, ba ya maimaita magana. Ya ce ranar da ya kama ni da littafin labari, a kan babur zai ɗora ni ya kai ni Ribah wurin ƙanwarsa in yi noman dawa, jarrabawar ma a bar ta. Na san kuwa zai aikata.

To ni jarabar labari ta riga ta kama ni. Wata ƙawata ta ara mini littafin Hausa mai kauri, labarin wata mata da ke neman ɗan'uwanta da ya ɓata. Lokacin kowa da takardar buhun siminti yake naɗe littattafansa don kada bango ya yage. Na naɗe shi tsaf, na rubuta masa "Kimiyya" da manyan baƙaƙe, na cusa shi tsakanin lissafi da Turanci. Awa biyu in yi karatun dole, rabin awa in sha daɗina. Wani lokacin dai, gaskiya, rabon yakan juye. Inda na tsaya sai in sa tsinken tsintsiya.

Ran nan na dawo daga makaranta, sai na ga tsinke ya koma baya. A shafi na tamanin na bar shi, na same shi a na goma sha biyu. Na ce ko faɗuwa ya yi, aka mayar. Washegari na bar shi a casa'in, na tarar da shi a sha biyar. Tabɗi! Wani yana taɓa mini kaya. Kuma ba damar in ɓoye littafin, don duk Asabar Baba yakan ƙirga littattafan da ke kan teburina, in ɗaya ya ɓace sai na yi bayani.

Mama ba ta iya karatu ba, ita na cire ta. Zargina duk ya tattara kan Inna, matar ƙanen Baba da muke gida ɗaya, mai bakin da ba ya ajiye magana. In ta yi dariya, in ce da ni take. In ta gaida Baba ta daɗe, in ce shi ke nan, ta kai rahoto. Rannan tana daka na kasa daurewa.

"Inna, me kike nema a ɗakina?"

Ta tsayar da taɓarya. "Ɗakinki? Zinariya kika ajiye a ciki? Ke, kauce mini!"

Sati biyu ina jin haushin matar nan, ko tuwonta ba na ci da daɗin rai. Baba na yin gyaran murya sai in fara ganin hanyar Ribah.

Wata Laraba aka tashe mu daga makaranta da wuri. Mata duk sun tafi kasuwa, gida shiru. Na ɗaga labulen ɗakina, sai ga Baba a kan kujerata, da tabarau, yatsansa na bin layi, leɓɓansa na motsi, kamar yadda yake bin littafin waƙa a coci. Tsinkena na hannunsa.

Ko gezau bai yi ba. "Kimiyyar nan taki, da Hausa ake koyar da ita yanzu?"

Na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Don Allah kada ka kai ni Ribah."

"Tun Asabar ta farko na gane," ya ce. "Turancinku ne ke ba ni wahala, wannan kuwa ina ji. A wane shafi kike?"

Na faɗa masa. Ya karya tsinken biyu, ya sa ɗaya a wurina, ɗaya a nasa, ya kulle littafin a akwatinsa na ƙarfe na soja. Ya ce sai ranar da na ajiye biro. Maganar Ribah bai tayar ba. Inna kuwa har yau ban ba ta haƙuri ba, kunya ta hana ni.

Wata biyu ina karatun dole da fushi. Duk sanda na ji ƙarar akwatin nan sai in ce mutumin nan zai cinye labarin ya bar ni, ƙila ma ya faɗa mini ƙarshensa don mugunta.

Ranar da na gama jarrabawa, ko rigar makaranta ban cire ba ya miƙo mini littafin. Na buɗe. Tsinkayen biyu suna shafi ɗaya, daidai inda na tsaya.

"Sati uku ke nan da na iso," ya ce. "Na tsaya jiran ki. Zauna ki karanta mana da ƙarfi, idona ya gaji."