Malam Munzali da Soyayyar da Ba ta Gyaɗa Ba

Duk mai bin hanyar Daura zuwa Sandamu da sassafe ya san Malam Munzali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai tsohon babur da ke tafe yana rera baitoci yana kaɗa kai, 'yan acaɓa na wuce shi suna dariya. Ƙarshen zangon nan zai ajiye alli, bayan furfura ta same shi yana koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata.

Malam mutumin rubutacciyar waƙa ne, irin ta da, mai ma'auni da amsa-amo. Littattafan soyayya kuwa ko a kyauta ba ya so. In an ambace su sai ya taɓe baki, ya ce shi soyayyar da ya sani ta gyaɗa ce, ita ma sai da gishiri. Amma yana da wata al'ada: duk ɗalibar da ta shigo ajinsa sai ya tambaye ta wane irin adabi ta fi so, kuma don me. Ba ya karɓar "haka kawai".

Shekarun baya, da aka zo kan wata Firdausi Kalilu, sai ta ce ita dai littattafan soyayya. Malam ya yi salati, ya wuce. Ba a jima ba aka kama ta da ɗaya a cikin hijabi, shugaban makaranta ya ce za a ƙona littafin, a kora ta gida. Ga shi mahaifinta, wani dillalin shanu mai magana ɗaya, ya riga ya rantse cewa ranar da aka koro ta, ta gama boko.

Wa zai shiga ofis ya tsaya mata? Mutumin da ya fi kowa ƙin littafin.

"Ranka ya daɗe, ni na tambaye ta abin da take so, ta gaya mini gaskiya. In laifi ne, tare muka yi."

Ya roƙa aka ba shi littafin. Mai ɗakinsa Iya Rabi ta ce a gindin darbejiya ya karance shi, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Ya dawo ya nemi a sauya hukuncin: Firdausi ta tsaya gaban aji ta kare zaɓinta, shi kuma ya ja da ita. Ya ja kuwa, bai raga mata ba, ya nuna inda marubuciyar ta yi ta zuba babu dalili. Yarinya ta ce, "Malam, waƙoƙinka suna yi mini wa'azi, kuma ina so. Amma a littafin nan na fara ganin yarinya irina ta yi magana an saurare ta."

Shugaban makaranta yana bakin taga yana ji. Ya juya ya tafi, maganar kora ba ta sake tashi ba.

Malam, kai ne ka nuna mana ana iya ƙin abu ba a ƙi mai son sa ba. Kai ne inuwar da ba ta tambayar wa ya zauna. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Malamai 'yan'uwa, in ɗalibi ya zo da zaɓin da bai yi muku ba, ku tambaye shi dalili kafin ku ɗauki bulala.

Firdausin nan, wadda yanzu ta zama malama, ita ce za ta gaji ajin. A walimar sallama ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya sauya ra'ayi.

"Allah ya kiyaye, har gobe ta gyaɗa ta fi," in ji shi. Ya miƙa mata guntun allinsa. "Ki riƙa tambayar su. In wata ta ce waƙoƙina ta fi so, don Allah kar ki kore ta."