Sallau Mai Lifidi, Wanda Ya Tsaya wa Mashi

Duk wanda ya bi ta unguwar Birni a Damagaram bayan sallar asuba ya san ƙarar sandar Baba Sallau. A zaurensa yake shimfiɗa tabarma, ya yi ta bugun audugar rimi har ta yi laushi, ya cusa ta tsakanin ƙyallayen saƙi, ya sa fatar shanu a ƙirji, sannan ya bi da basilla, ɗinki kusa da ɗinki. Lifidi ke nan, rigar da dakarun Damagaram masu yaƙi a ƙasa suke sawa don tare kibiya da mashi. Mahaifinsa ya ɗinka wa waɗanda suka je daga. Shi kuwa ya gaji sana'ar bayan bindigar Nasara ta kashe mata kasuwa, amma bai ajiye basilla ba. Yana gyara tsofaffin riguna da jikokin dakarun ke kawowa, ya mayar musu da adon mulufi ja da shuɗin zare a wuya da kafaɗa, kowane gida da irin zanensa.

Shekara uku da suka wuce, Kellu mai fura ta shigo zauren da ɗanta Sha'ibu. Mahauci ne, shi kaɗai ta haifa, kuma ya yi rantsuwa a gaban abokansa zai yi hawan ƙaho da Sallah. Ta roƙi a ɗinka masa rigar da zai sa a ciki. Ranar da aka gama, ina wurin, na taso daga lakwal inda nake koyarwa. Kellu ta juya rigar a hannu, ta ce, "Baba, auduga ce fa. Ita za ta tare ƙaho?"

Tsohon bai yi mata musu ba. Ya tuɓe tagguwarsa, ya sa rigar, ya ɗauko mashin mahaifinsa ya miƙa wa Sha'ibu.

"Soke ni a ƙirji."

"Baba, ba zan iya ba."

"A gidanmu ba a ba mutum rigar da mai ɗinkin bai tsaya a cikinta ba. Soka da ƙarfinka."

Sha'ibu ya soka. Tsohon, mai shekara saba'in da wani abu, ya yi baya ya daki bango. Muka ruga kansa. Ya buɗe rigar da kansa: ƙirjin ya yi ja, amma babu jini. Kellu ta zauna a ƙasa tana kuka.

Ran Sallah bijimin ya fizge igiya, ya danne Sha'ibu a jikin katanga jama'a na kallo. Lokotoron asibiti ya ce haƙarƙari biyu sun karye. Ƙahon ya yaga saƙin, ya huda fatar, ya tsaya a cikin auduga. Yau Sha'ibu yana rumfarsa a kasuwa, da 'yarsa ta goye.

Baba Sallau, kai ne katangar mai tafiya a ƙasa. Ba ka taɓa zuwa yaƙi ba, amma ka tsaya wa mashi saboda ɗan wata. Bana da muka samu mulkin kai, jikokin dakaru sun zaga gari cikin rigunan da ka gyara, ko da yake idonka ya dushe har sai da aka riƙa gaya maka wane ne ke wucewa. Ka ce ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma da muka rage, mai gini da mai magani da ni mai alli, kafin mu miƙa wa ɗan wani aikin hannunmu, mu tambayi kanmu ko za mu yarda a fara gwada shi a jikinmu.