Kiryar da Maigidana Ya Jira

Maigidana masassaƙi ne, amma ba na turmi da taɓarya ba. Abu ɗaya yake yi: ɗan kaskon turare na itace, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba. A ciki yakan zaunar da ɗan gwangwanin garwashi, a samansa faifan ƙarfe, sai murfi mai huji-huji. Turaren ba ya taɓa wuta, ɗumi kawai yake ji ya saki ƙamshinsa a hankali. Direbobi suna saye su ajiye a mota, tsofaffi masu mura su zuba kanumfari da citta su yi sirace. Ni ke haɗa turaren da ake gwada kowane kasko kafin ya bar zaurenmu a Yako.

Da kirya kaɗai yake aiki, ita ma sai wadda ta mutu a tsaye ta bushe don kanta. In ji shi, itacen da aka sare ɗanye, da ya ji zafi sai ya tsage, ya kuma shafa wa turare warinsa. Shi ya sa ba ma yin da yawa. In itace ya samu ya fitar da 'yan kaɗan, in ya ƙare ya koma gona. Na sha yi masa tsiya cewa kazata ta fi shi yawan aiki, ita kullum sai ta ajiye ƙwai. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge murfi da man kaɗe.

Sannu a hankali kirya ta fara wuya. Masu gawayi sun gano nata ba ya saurin cinyewa, suka bi ta gona-gona. In ka hau mota zuwa Tudun Wada, buhunan gawayi ne jere a bakin titi.

Akwai wata ƙatuwa a gonar wani dattijon Bafulatani wajen Kafin Maiyaƙi, ta fara bushewa daga sama. Maigidana ya sayi goro ya je ya durƙusa ya roƙe ta. Dattijon ya ce, "Na ba ka, ɗana. Ranar da ta gama mutuwa ka zo ka ɗauka." Maigidana ya ɗaura mata ƙyalle a gindi, alamar tana da mai ita, kamar yadda ake yi tun da.

Na ce masa, "Malam, ka sare ta ka kawo gida ta bushe a zaure. Idon mutane ya buɗe."

Ya ce, "Ke dai bari. Da sauran ganye a jikinta. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Na ce, "To Allah ya nuna mana romon."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Yakan hau babur ya je ya dubo ta, ya dawo yana ba ni labarin reshen da ya bushe. Itacen zaure ya ƙare. Masu saye suka zo suka gaji, suka koma sayen na lantarki da ake kawowa daga Kano.

Ana cikin haka dattijon ya rasu. Maigidana ya je ta'aziyya, ya zauna a tabarma tare da 'ya'yan, amma kunya ta hana shi ɗaga maganar itace a gidan makoki. Da na yi faɗa, ya ce a bari su share hawaye tukuna.

Bayan girbi ya wasa gatari ya tafi. Kututture ya tarar, da tudun ƙasa yana hayaƙi a gefe. 'Ya'yan sun raba gona, wanda kiryar ta faɗa a rabonsa ya sayar wa masu gawayi. Ɗan ya ce masa, "Wallahi Baba bai faɗa mana ba. Ƙyallen kuwa mun ɗauka na masu magani ne."

Da ya shigo gida na riga na tanadi "ai na faɗa maka" a bakina. Na dubi fuskarsa na haɗiye. Daga baya ya gwada sassaƙa kaskon da darbejiya, garwashi ya babbake cikin kaskon, turarena ya fito da ɗaci. Shi da kansa ya jefa shi a murhu, ya naɗe kayan sassaƙarsa a buhu ya tura ƙarƙashin gado.

Shekarar kuma hatsi bai yi ba. Wata rana da yamma wani mai gawayi ya yi sallama, ina bayan ƙofar zaure ina ji. Ya ce, "Malam, an ce daga nan har Doguwa babu kiryar da ba ka san inda take ba. Ka riƙa kai mu, ba za ka yi asara ba."

Na jira in ji ya kore shi. Sai na ji maigidana ya ce, "Ku zo da safe."

Raina ya ɓaci, ban yi masa magana ba har washegari, amma ni na fi kowa sanin abin da ya rage a rumbu. Yanzu yakan fita da hantsi ya dawo baƙi ƙirin, har cikin gashin ido, yana tari. Masu rai yake nuna musu, masu ganye shar. Ba ya ba ni labarin daji, ni ma ba na tambaya. Ruwan wanka kawai nake ɗora masa, kuma da gawayin da ya kawo nake dafa shi.