Tabarmar da Mushe Idi yake shanya littattafai

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Mushe Idi (Mushe muke ce wa ɗan boko, daga Faransanci), mai kula da ɗakin karatu na garinmu Tasawa, kuma aminina tun muna ƴan makaranta a lakwal. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sai in ji ana yabonsa: mai haƙuri, mai son ilimi, wanda bai taɓa tona asirin kowa ba. Biyun farko na yarda. Na ukun ne nake so in yi magana a kai yau, tunda na tsufa, kuma waɗanda zan ji nauyinsu duk sun riga ni.

Ɗakin karatun ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kusa da inda nake aikin awon gyaɗa, a shekarun farko na mulkin kai, lokacin da gyaɗa take da daraja. Manoma daga Isawan da Gidan Amumune, in sun sauke buhunansu, sukan leƙa ya karanta musu wasiƙa ko jarida. Littattafan kaɗan ne, masu aro ma kaɗan. Kowa ya san wanda ya ɗauki mai jan bango, kowa ya san a gidan wa mai hotunan dabbobi yake.

Sai agana ta shigo gari. Aka hana taro, aka rufe ƙofar ɗakin, Idi ya koma ba da aro ta taga. Akwai wani malamin lafiya da muke kira mai lamba, don shi yake yi wa mutane lambar rigakafi. In ya ji akwai mara lafiya a gida, sai a ɗauke shi a kai shi bukkokin zana a bayan gari, inda dangi ba sa zuwa kusa. Saboda haka mutane suka riƙa ɓoye nasu. Ni ma da matata Hajara ta kwanta, ɓoye ta na yi a ƙuryar ɗaki, na ce wa maƙwabta masassara ce.

A lokacin Idi ya fito da wata dabara. Duk wanda ya dawo da littafi, sai ya tambaye shi ko lafiya gidansu. In lafiya, littafi ya koma ma'ajiyarsa. In akwai mai ciwo, sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ya shanya littafin a rana kwana uku, wai zafi ya kashe cutar. Jama'a suka yi ta sa masa albarka.

Mai hotunan dabbobin ne a hannuna, Hajara tana son kallonsa. Da na mayar, na raɗa masa ta taga, "Kak ka taɓa shi da hannu, Hajara ta kwan da shi. Amma tsakanina da kai."

Ya ce, "Bakina ba shi hwaɗi, Mamman."

Kwana biyu bayan nan mai lamba ya yi sallama a ƙofar gidana, bai ko tsaya tambaya ba. Aka ɗauke ta. Can ta cika, ban ga fuskarta ba, ƴan uwanta mata ba su yi mata wanka ba. Har yau wannan ne yake ci mini rai.

Da farko maƙwabciyata na zarga, na daina gaishe ta. Sai daga baya na zauna na jera gidajen da mai lamba ya shiga. Duk masu aron littafi ne, ko maƙwabtansu na kusa. Mai lamba kuwa kullum ta gaban ɗakin karatu yake wucewa da kekensa, yana rage tafiya daidai tabarmar. Na ce wa kaina kuskure ne, Idi bai lura ba. Amma Idi mutum ne da in ka naɗe kunnen shafi ɗaya sai ya gano. Kuma a bayan ɗakin akwai ɗan fili mai katanga, inda ba wanda zai ga abin da aka shanya.

Shekaru muna tare, muna cin tuwo akushi ɗaya, zargin nan yana cikina. In ya yi mini alheri sai in ce biyan laifi yake yi.

Da annobar nan ta baya-bayan nan ta zo aka sake rufe ɗakunan karatu, na yi ta tunanin me Idi zai ce da yana raye. Yanzu ba a bukatar tabarma. Kafin mutum ya gama tari, labarinsa ya zaga gari ta waya. Ina jin da ya ji haushin surutun, shi da ya iya isar da saƙo bakinsa a rufe.

A ciwonsa na ƙarshe na je Mayahi, gidan ɗansa, na same shi kwance a inuwa. Bayan gaisuwa na kasa riƙewa. Na ce, "Idi, kai ka hwaɗa ma mai lamba?"

Ya ce, "Ban hwaɗa ma kowa ba."

"Amma ka san shina kallon tabarmar."

Ya ce, "Bayan ɗaki ma akwai rana, Mamman. Na sani. Amma da jinjira cikin ɗakin da kab ɓoye ta."

Jinjirar ita ce ƴarmu Rabi, wata bakwai gare ta a lokacin. Cutar ba ta taɓa ta ba. Yau jikokinta sun fi goma.

To me ya rage na Mushe Idi? Ɗakin ya rushe, gara ta cinye littattafan. Ban gode masa ba, ban kuma ce na yafe ba, har aka rufe shi. Rabi ce take tuna mini ranar rasuwarsa duk shekara, ta ce in yi wa aminina addu'a, domin ta san shi da yi mata kirki tun tana ƙarama. Ina yi. Abin da na kasa gaya mata shi ne, mutumin da ya sa ta rayu shi ne ya sa uwarta ta mutu ba kowa nata a kusa.