Ɗorin Dede Marashi

A ƙauyenmu da ke duwatsun arewacin Albaniya, Dede Marashi ne maɗori. Shekara arba'in ɗorinsa bai taɓa sauyawa ba: farin ƙwai, kankararren sabulu, gashin tumaki da 'yan katakai biyu. Ya laluba inda ya kumbura, ya ja, ya ɗaure, a miƙo masa giyar inabi ya kurɓa. Likitocin birnin Shkodra kuwa mahauta yake kiransu.

Ranar da jikarsa Drane, 'yar shekara bakwai, ta faɗo daga bishiyar ɓaure, ya gano karayar nan take, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Yana cikin ɗaurewa, surukarsa Prenda, uwar yarinyar, ta ce, "Baba, gwiwar fa take ta nunawa."

"A bakin murhu kika koyi ɗori? Kawo ƙwai, malama."

Ƙashi ya haɗe. Dede ya zaga gari da yarinyar yana ƙwanƙwasa hannun a gaban mutane. Sai bayan wata takwas, ranar Ista a coci, Drane ta ɗaga hannun dama za ta yi alamar gicciye, yatsu suka ƙi kaiwa goshi. Ta sunkuyar da kai ta tarye su. Duk matan layin sun gani.

"Sangarta ce," in ji Dede. "Uwarta ta lalata ta."

Washegari Prenda ta sa 'yarta a mota zuwa asibitin Shkodra, sai ga tsohon ya biyo su, wai zai kunyata mahauta. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce, "Tsoho, wannan da ka ɗora a karkace ya haɗe. Ɗan'uwansa kuma, ƙashin da ke kusa da shi, tun ranar faɗuwar ya goce daga gwiwa. Da a makon farko ne, da hannu za mu mayar. Yanzu sai mun yanke naka mun miƙe shi, kafin wancan ya koma gurbinsa."

Dede ya daɗe yana kallon hoton, a juye ma ya riƙe shi.

Yau hannun Drane yana kaiwa goshi, amma tafin ba ya juyawa duka. Kakanta kuwa yana nan a shagon kofi yana bugun ƙirji: "Ɗorina fa, sai da suka sa zarto!"

Awaki kawai ake kawo masa yanzu. Su ma sai mai akuya ya tsaya a kansa yana cewa, "Baba Dede, a duba gwiwar."